Kafintan da Filinsa Ya Ƙara Tsawo

Akwai wani kafinta a wata unguwa, wanda sunansa na yanka ya ɓace tun yana saurayi. Yaro da babba, kowa Me-ya-sa yake kiransa.

Ba a banza aka laƙaba masa sunan ba. Mutum ne da ba ya iya ganin abu ya wuce shi. Idan ka kawo masa kujera gyara, kafin ya ɗauki guduma sai ya san wa ke zama a kanta, ta wane gefe yake jingina, kuma me ya sa ƙafar hagu ce ta karye ba ta dama ba. Matarsa takan ce ko gishiri za ta ƙara a girki sai ta tanadi amsa tukuna.

Ni dai ina son irin waɗannan mutanen, ko da yake zama da su akwai gajiya.

Layin da yake zaune layi ne mai kyan gani. Katangun gidajen sun yi sahu ɗaya tun daga sama har ƙasa, babu wadda ta leƙo, babu wadda ta noƙe. Gidan kafinta ne kaɗai ya ja baya, don bai taɓa samun halin yin katangar gaba ba. Ɗakunan kwana suna ciki, sai tsakar gida, sai shagonsa mai faffaɗar ƙofa. Daga bakin shagon zuwa sahun katangun maƙwabta kuwa fili ne fetal, inda yake shanya katako.

A wannan filin ya ƙudura zai gina wa mahaifiyarsa ɗaki.

Inna tana zaune ne wajen ƙanwarsa, a gidan haya, can saman bene. Gwiwoyinta sun ƙi, matakala ta gagare ta. Rabon da ƙafarta ta taka ƙasa tun daminar bara. Duniyarta ta koma taga ɗaya, daga nan take leƙen masu wucewa. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Sau ɗaya dai, ya je gaishe ta bayan an ɗauke ruwa, ta dube shi ta ce, "Babana, har yanzu ƙasa tana ƙamshi idan an yi ruwa?"

Babana take kiransa tun yana goye. Tambayar nan ta soke shi ƙwarai. Daga can gidan magini ya wuce.

Magini ya zo ya yi abin da kowane magini yake yi a layin. Ya kafa ƙusa a kusurwar katangar maƙwabcin dama, ya ja igiya ya ɗaure a katangar maƙwabcin hagu, ya bi igiyar da farar ƙasa, aka haƙa harsashi. Ba a jima ba bulo ya kai wajen taga. Kafinta ya je ya yi wa Inna albishir, ita kuwa a ranar ta sa aka fara ɗaure mata kaya.

Maƙwabcin hagun nan mai kemis ne. Ba likita ba ne, amma Dakta ake ce masa, kuma idan ka kira shi da wani suna ba ya ji. Shagonsa ne ƙawar layin: gilashi daga sama har ƙasa, tayil mai sheƙi, da fanka biyu. Yana tafiya lokacin da aka fara ginin. Ranar da ya dawo, ko jakarsa bai ajiye ba ya tsaya a bakin harsashi yana ƙanƙance ido.

"Kai kafinta, wa ya ba ka izinin shigo mini fili?"

"Barka da dawowa, Dakta. Wane filin?"

"Ga shi nan kana gani. Bangonka ya ci mini faɗin tafin hannu. Ka sauke wannan kejin kafin in ɓata maka rai."

"Ba keji ba ne, Dakta. Ɗakin mahaifiyata ne."

"Ko na kakarka ne, ba a filina ba."

Mutane sun fara taruwa. Ran kafinta ya ɓaci sosai, amma ya haɗiye. Ya shiga shago ya ɗauko tef ɗinsa na awo. A ransa cewa yake yi, magana ba za ta raba su ba, awo ne zai raba.

Ya auna faɗin filinsa daga gefe zuwa gefe. Daidai yake da yadda ya saya, bai ci na kowa ba. Da wani ne, nan zai naɗe tef ya je ya tsaya a gaban Dakta yana huci. To amma Me-ya-sa ne. Kafinta kuma ba ya auna faɗi ya bar tsawo, hannu ya riga ya saba. Sai ya kira matarsa ta riƙe masa bakin tef a bangon baya, ya ja har zuwa inda igiyar magini ta tsaya.

Ya duba lamba, ya sake dubawa. Tsawon filinsa ya san shi kamar yadda ya san sunayen 'ya'yansa. Wannan ba shi ba ne.

"Maman yara, kin riƙe da kyau kuwa?"

"Na riƙe mana. Yau na fara riƙe maka tef?"

Suka sake, lamba ba ta canja ba. Filin ya zarce yadda aka sayar masa, kuma ba da ɗan kaɗan ba. Rarar ta kai faɗin ɗaki guda, kusan daidai da ɗakin da yake ginawa.

"Filinmu ya ƙara tsawo," ya ce a hankali.

"To sai ka gode wa Allah."

"Fili ai ba yaro ba ne da zai yi girma. Wa ya ƙara mini? Daga ina aka ɗebo?"

Matar ta saki tef ta koma kicin, tana cewa ita kam ta shiga uku, yau kuma da ƙasa za a yi ta muhawara.

Ranar nan abinci bai shiga ba. Rigimar Dakta ma ta fita daga kansa. Da gari ya waye ya tare magini kafin ya kwaɓa siminti.

"Malam magini, daga ina ka ja igiyar nan?"

"Daga katangar Dakta mana, a gabanka aka yi."

"Ita kuma ta Dakta daga ina aka ja?"

"Ni na gina masa. Daga katangar tela na ja."

"Me ya sa?"

Magini ya dafe ƙugu. "Haba Me-ya-sa. Haka ake yi. Wanda ya riga ka gini shi kake bi, don layi ya miƙe. So kake in yi maka bango ya noƙe a ce ban iya aiki ba?"

Kafinta ya ce a dakata da aikin na yini ɗaya. Ya rataya tef a ƙugu, ya kama layin gida-gida.

Tela yana kan keke, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Daga ta malama aka ja."

Malama, wata tsohuwar shugabar makaranta, ta zare tabarau ta ce ita dai abin da ta sani, an ja daga ta mai gyaran rediyo, kuma ta tsaya a kai da kanta don kada a karkace.

Mai gyaran rediyo ya ce daga ta mai taya. Mai taya ya ce daga ta maƙwabcinsa na sama. Kowa ka tambaya sai ya nuna na gabansa da haɓa, hankalinsa kwance. Babu wanda ya yi kama da ɓarawo, babu kuma wanda ya taɓa tambayar inda na farkon ya samo nasa.

Abin ya fara ba kafinta sha'awa fiye da tsoro. Yana tafe yana magana shi kaɗai. Igiya dai dole tana da bakin farko. A haka har ya ƙure layin, ya tsaya a gidan ƙarshe, gidan Baba Direba.

Baba Direba shi ne mutum na farko da ya zauna a layin, tun wurin yana ciyawa. Ya yi shekaru yana jan babbar mota, yanzu ido ya yi rauni, kullum yana kan benci a ƙofar gida. Kafinta ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba, tambaya ce ta kawo ni."

"Da ka zo babu ita ai da na ce ba ka da lafiya. Faɗi."

"Katangar nan taka, daga ina aka ja igiyarta?"

"Daga ta maƙwabcina."

Kafinta ya yi sororo. "Baba, shi kuma yanzun nan iyalinsa suka ce mini daga taka aka ja."

Tsohon ya dube shi. Can sai ya fashe da dariya, ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya matsa ya ba kafinta wuri a bencin.

"Zauna, ɗana. Duk gaskiya muka gaya maka, ni da su. Lokacin da zan fara gini, na tara yashi da bulo da siminti a nan gaba. Awaki suka sa ni a gaba, takardar buhun siminti suke ci kamar an aiko su. Sai na samo tsoffin kwanukan rufi na kewaye kayan, na buɗa shingen sosai don mota ta samu wurin juye yashi. Na awaki ne kawai, ba iyaka ba. Daga nan tafiya ta kama ni, na yi watanni ban dawo ba. Ina dawowa na tarar maƙwabcina ya yi katanga, magininsa ya ja igiya daga shingen kwanona."

"Ba ka yi magana ba?"

"Na ce zan yi. Ka san yadda abin yake, mutum ya kashe kuɗinsa, ga zumunci sabo. Da na tashi yin tawa katangar, magini ya ce idan na ja baya gidana zai yi muni. Sai muka ja daga tasa."

Kafinta ya riƙe baki. Wato duk wannan sahun da ake alfahari da shi, da gilashin Dakta, da tsayuwar malama a kan magini, shingen awaki ake bi.

"To Baba, ina ainihin iyakar take?"

Tsohon ya dogara sanda ya miƙe. Suka shiga cikin gida, suka wuce wani ɗan ɗaki da ke jikin katanga, har tsakar gida inda matarsa take wanki. Ya ce, "Iya, ɗan ɗaga bahon nan."

Iya ta ɗaga tana mita. A ƙarƙashin bahon akwai wani guntun siminti mai kusurwa huɗu, an binne shi a ƙasa, da ƙarfe a tsakiyarsa da lambobi da suka fara gogewa.

"Ga ta nan," in ji Baba Direba. "Ma'aikatan filaye ne suka kafa ta da hannunsu. Daga nan zuwa cikin gida nawa ne. Daga nan zuwa titi na ƙaramar hukuma ne. Sun ce magudanar ruwa za su yi, da hanyar masu tafiya a ƙasa. Shekara ta bi shekara ba su zo ba, muka ɗauka sun manta."

Iya ta mayar da bahonta ta ce, "Ni dai kada a taɓa mini shi, tsayinsa ya yi mini daidai."

Kafinta bai ma ciro tef ba. Da ido ya auna daga dutsen zuwa katanga, ya ga faɗin ɗaki guda.

Da zai tafi tsohon ya riƙo hannunsa. "Ka samu amsarka. Yanzu ka bar ta a cikinka."

Ya samu amsa kam, amma ba ta yi masa daɗi ba. Ya dawo ya shiga ɗakin da bai da rufi, ya zauna a kan bulo. Nan ya yi niyyar sa gado, can taga, ga inda za ta riƙa shimfiɗa tabarma ta sha iska. Duk a filin da ba nasa ba. Ya tuna kayan Inna da ke ɗaure a saman bene.

Matarsa ta same shi a nan, ya kwashe komai ya gaya mata. Ta ce, "Baban yara, kowa fa ya yi. Shekara nawa babu wanda ya zo? Ka rufa ɗakin nan, tsohuwa ta sauko ta huta. Ranar da suka zo, sai a san abin yi."

"Ranar da suka zo, ina zan kai ta? In sake goya ta in mayar saman bene?"

Ya miƙe daga kan bulon, ya ci gaba da magana.

"Da ban sani ba, da sauƙi. Amma na sani. Ba zan kwantar da ita a ɗakin da kullum kunnena yana titi ba."

"To ka je ka ce mata babu ɗaki?"

Ya juya ya dubi shagonsa. Ya daɗe yana kallonsa. Shagon yana bayan iyaka, a cikin filinsa na halak, ga rufi, ga daɓe.

"Akwai ɗaki," ya ce.

"Aikin fa? A ina za ka riƙa yi?"

"Tsakar gida."

"Tsakar gidan wa? Inda nake shanya?" Ta kama haɓa. "Wato ni da garin katako za mu riƙa kwana muna tashi." Ta yi ta faɗa har ta gaji. Amma da safe ita ta fara kwashe gwangwanayen fenti daga shagon.

A ranar ne labari ya iso masa cewa Dakta ya kai ƙara ofishin filaye na ƙaramar hukuma, yana neman a zo a auna a raba su. Gaban kafinta ya faɗi. Ba don kansa ba, don ya riga ya yanke shawara. Ya tuna da tela, da malama, da tsohon da ke kan benci. Ya wanke hannu ya nufi kemis.

"Dakta, wurinka na zo. Ka janye ƙarar nan. Ɗakin ma gaba ɗaya zan sauke shi."

Dakta ya jingina da kantar shagonsa yana murmushi. "Au, tsoro ya zo ke nan?"

"Ba tsoro ba ne. Wurin da muke rigima a kai, ba nawa ba ne, ba naka ba ne. Duk gaban layin nan na hukuma ne, har da inda kake tsaye. Mu je gidan Baba Direba ka ga alamar da idonka, tana ƙarƙashin bahon wanki."

Dakta ya ƙyalƙyale da dariya, ya juya ga masu sayen magani. "Kun ji? Ni zan je leƙen ƙarƙashin baho. Kafinta, dabararka ta yi ƙarama. Shugaban ofishin nan a wurina yake sayen maganin hawan jini. Sai an zo an auna a gaban kowa, don gobe."

Kafinta ya sake roƙonsa, har da haɗa shi da Allah. Dakta ya ce ya matsa, yana tare wa mutane hanya.

Da hannunsa ya sauke ginin. Bulo ɗaya-ɗaya yake ɓamɓarowa don kada su fashe, yana kankare simintin. Masu wucewa suna tsayawa kallo. Wani ya ce Me-ya-sa ya yi ta tambaya har tambaya ta cinye ɗakinsa. Dakta kuwa duk wanda ya shiga kemis sai ya nuna masa ta gilashi, ya ce ga abin da ke samun mai ja da shi. Wannan ta fi yi wa kafinta ciwo, don ya san awonsa daidai yake. Sau da yawa ya ajiye guduma zai tsallaka wurin Dakta, sai ya tuna wadda yake yi dominta, ya sake ɗauka.

Da bulon ya rage faɗin ƙofar shago, ya fitar da taga. Ya yi fenti, ya haɗa gado gajere wanda ba sai an ɗaga ƙafa ba, ya kafa ƙarfen dafawa a jikin bango. Sannan ya je ya goyo Inna a bayansa, ya sauko da ita matakala ɗaya bayan ɗaya, tana cewa ya bi a hankali, shi ma ba yaro ba ne.

Da suka iso ta ga ramin harsashi da aka cike, ta ga shagon da ya zama ɗaki, ta hango bencin aikinsa a tsakar gida cikin rana. Ba ta tambayi komai ba. Ta shafa bango ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Babana."

Bayan kwanaki ma'aikatan filaye suka zo. Ba shugaban ofishin ne ya zo ba, wata mata ce ta jagorance su, mai sanyin magana, da mutum biyu ɗauke da na'urar awo mai ƙafa uku. Dakta ya fito da farar rigarsa, ya sa aka kawo kujeru da lemo, ya kai ta bakin katangarsa.

"Ranki ya daɗe, daga nan za ki fara. Wannan katangar tawa ita ce ma'auni."

"Ba ma awo daga katanga," ta ce. "Daga dutsen iyaka muke farawa."

Suka bi na'urarsu, ta kai su har tsakar gidan Baba Direba. Iya ta sake ɗaga baho. Daga nan suka ja layi ya biyo ƙasa. Ya ratsa ɗan ɗakin Baba Direba, ya yanki barandar malama, ya bi ta bayan keken tela, ya shiga kemis ta tsakiya ya raba kantar shagon biyu. Da ya iso gidan kafinta, sai ya wuce ta gaban ƙofar Inna bai taɓa komai ba.

Dakta ya bi matar yana haɗa gumi. "Ranki ya daɗe, ba wannan na kira ku ba. Maganar tafin hannu ce tsakanina da kafinta."

"Na gani. Tafin hannun nan ba naka ba ne, ba nasa ba ne, yana cikin filin hukuma. Dama aikin magudanar ruwa yana tafe bana, kowa za a sanar. Ƙararka ce dai ta sa muka fara da layinku."

Aka shafa jan fenti a katangu, aka ba da wa'adi kowa ya ja baya da kansa.

Kada ku ɗauka kafinta ya yi murna. Ranar da Baba Direba zai sauke katangarsa, shi ya fara zuwa da guduma, yana aiki yana jin kunyar haɗa ido da tsohon. Tsohon ne ma ya ce masa, "Saki ranka, ɗana. Ba kai ka kafa shingen ba." Tela ya ja baya, malama ta ja baya, kowa ya kwashe bulonsa da ƙofarsa cikin mutunci.

Dakta ne kaɗai ya ƙi. Ya yi ta zirga-zirga wurin waɗanda ya sani, kowa ya ce masa ya kwantar da hankalinsa. Har wa'adi ya cika ko kwalba ɗaya bai kawar ba.

Katafila ta zo da hantsi. Aka ba shi ɗan lokaci ya fitar da kaya. Ya riƙa jido kwalayen magani yana zubewa a bakin titi, shi kaɗai, farar rigar ta koma ruwan ƙasa. Da aka ture gaban shagon, rufin falonsa ya biyo, ƙura ta cika cikin gidan, babu inda za a ajiye ko kwali ɗaya. Rana kuwa ta buɗe sosai.

Mutanen layin suna tsaye sun harɗe hannu. Kowa yana jin haushinsa, babu wanda ya motsa. Kafinta ma yana tsaye a bakin ƙofarsa. Gaskiyar magana, a can ƙasan ransa ya ji wani ɗan sanyi, mutum ne shi ma.

Sai ya ji murya daga bayansa. "Babana."

Inna ce, zaune a bakin ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafa a tabarma.

"Maganin nan ba ya son rana, ko?"

"Ba ya so, Inna."

"To me kake jira? Ɗakina da sanyi, kuma ya ishe mu ni da su."

"Inna, ba ki san abin da mutumin nan ya..."

"Na sani. Gwiwata ce ta mutu, ba kunnena ba. Je ka ɗauko."

Kafinta ya tsallaka ya sunkuci kwali. Dakta ya ɗago ya dube shi, ya kasa gane abin da ke faruwa, sai da ya ga inda aka nufa da kwalin. Matar kafinta ta fito ta ɗauki nata. Tela ya yi tsaki, shi ma ya sunkuya ya ɗauka.

Dakta ne ya shigo da na ƙarshe. A bakin ƙofa ya tsaya ya cire takalmi. Ya ajiye kwalin, ya durƙusa a gaban tsohuwar, kansa a ƙasa.

"Jera su can gefen gado," in ji Inna, "ka bar mini hanyar fita."

"Inna," ya ce, "ni ne fa na hana a gina miki ɗaki."

Tsohuwar ta dube shi, ta dubi tarin bulo da gilashin da ke zube a waje, inda da can aka so sa gadonta.

"Na sani, ɗan nan," ta ce. "Da ba ka hana ba, da yanzu ina can cikin rana tare da kwalayenka."

Dakta ya kifa fuskarsa a tafin hannu, ya daɗe bai ɗago ba.

Darasi: Don kowa ya yi abu, bai zama daidai ba. Kafin ka bi sahun na gabanka, tambayi inda shi ya samo nasa, kuma idan ka gano gaskiya ka yi aiki da ita ko da za a yi maka dariya. Kada ka gina abin da kake ƙauna a kan abin da ba naka ba, kada kuma girman kai ya hana ka sauraron wanda ka raina. Idan wanda ya cuce ka ya faɗi, ka ɗaga shi. Ku tura wa 'yan'uwa da maƙwabta su karanta, musamman wanda kuka san yana shirin ja igiya.